FILIN KIMIYYA DA ZAMANI: Wane Mai Gadi Ya Dace Da Kwamfutar Gida?

A wannan mako filin nan ya yada zango ne a Yola da Jimeta, babban birnin Jihar Adamawa, domin duba wata matsala da ta zama ruwan dare a gidajen da suka mallaki kwamfuta, watau matsalar zaɓen manhajar da za ta tsare ta daga cuta da masu leƙen asiri.

Duk wanda ya san Jimeta a lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke haɗa kundin bincikensu, ya san irin cunkoson da akan yi a shagunan buga takardu. Ga na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, ga na Kwalejin Ilmi ta Tarayya, ga kuma na Kwalejin Fasaha ta Jiha, kowa riƙe da ɗan filash ɗinsa yana jiran layi. Kwamfuta guda ce ke karɓar waɗannan filash tun daga safe har magariba, ana zare wannan ana soka wancan, tamkar a ce allura guda ake yi wa jama'ar unguwa aiki da ita ba tare da an dafa ta ba.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya gama buga takardunsa, ya koma gida Bekaji ko Karewa, ya soka filash ɗin nan a kwamfutar gidansu, wadda a cikinta ne mahaifinsa ke ajiye lissafin kasuwancinsa, da hotunan takardun fili, da na shaidar karatun yara. Yana buɗewa sai ya tarar babu kundin da ya shafe wata shida yana rubutawa, sai wasu gumaka masu ɗan kibiya a gindinsu. Kashegari uba da ɗa sai wurin mai gyara. Amsar da akan ji a irin wannan wuri sananniya ce: "Alhaji, ai bairos ne, sai an yi mata fomatin." Shi kuwa mai kaya tambayarsa ba ta wuce guda: "To, samari, wace antibairos ce ta fi kowace ƙarfi, in saya in huta?"

Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ba sunan wani kamfani ba ne. Abin da ya kamata mai kwamfuta ya fara sani shi ne, manhajar rigakafi mai gadi ce, mai gadi kuwa ba girman sunansa ko tsadar albashinsa ke hana ɓarawo shiga ba, kasancewarsa a farke ne. Yawancin kwamfutocin da ke lalacewa a gidaje ba rashin mai gadi ya kashe su ba, suna da shi, sai dai ko barci yake yi, ko an ɗaure masa hannu, ko kuwa shi kansa ɓarawo ne da ya sa kayan gadi.

MECE CE CUTAR KWAMFUTA?

Abin da jama'a ke kira bairos ba ƙwayar cuta ba ce irin ta jikin ɗan Adam, kuma ba ƙura ko zafin watan Afrilu ke haddasa ta ba, ko da yake su ma suna da tasu ɓarnar. Manhaja ce da wani mutum ya zauna ya rubuta da gangan, domin ta shiga na'urar wani ba da izninsa ba, ta aikata abin da bai so ba. Ɗaya daga cikin cututtukan farko da suka yaɗu a kwamfutoci irin na gida ita ce wadda ake kira Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na ƙasar Pakistan a shekarar 1986. Ta faifan ajiya na wancan zamani ta riƙa bi daga hannu zuwa hannu har ta ƙetare teku. Faifan ya shuɗe, filash ya gaje shi, amma hanyar ba ta canja ba.

Ga mai kwamfuta a gida, iri uku ne suka fi cancanta ya sani. Na farko shi ne mai bin filash, irin wanda ya sami ɗalibin da aka ambata. Dabararsa ita ce ya ɓoye fayilolin gaskiya, ya ajiye wasu gumaka na bogi masu ɗauke da sunayensu, waɗanda ake kira shotkot. Da zarar mutum ya danna ɗaya, cutar ta shiga kwamfutarsa, kuma duk filash ɗin da aka soka bayan nan sai ya ɗauka. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa fayilolin suna nan ba a goge su ba, ɓoye su kawai aka yi. Saboda haka gaggawar yin fomatin ita ce takan hallaka aikin da cutar kanta ta bari da rai.

Na biyu shi ne ɗan leƙen asiri, wanda ya fi na farko haɗari domin ba ya nuna kansa. Kwamfuta za ta ci gaba da aiki lafiya lau, alhali kuwa yana ciki yana rubuta duk harafin da aka danna, yana kwashe kalmomin sirri na imel da na banki, yana ɗaukar hoton abin da ke kan allo, yana aika wa mai shi. Ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. A watan Nuwamba na 2020 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol, tare da 'yan sandan Nijeriya, ta ba da sanarwar kama mutum 3 a Legas, bisa zargin suna cikin wani gungu da ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji, ciki har da wadda ake kira Agent Tesla, wajen kutsawa cikin kamfanoni da ma'aikatu a ƙasashe fiye da 150. Duk wanda ya tuna cewa a kwamfutar gida ne akan ajiye hoton katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da takardun albashi, ya san abin da ke cikin haɗari.

Na uku shi ne mai garkuwa da bayanai. Wannan yakan kulle duk takardu da hotunan da ke cikin kwamfuta da wani mabuɗi na lissafi, sa'an nan ya bar wasiƙar neman kuɗin fansa. Ran 12 ga Mayu, 2017, wani irinsa mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe kimanin 150, ya kama kwamfutoci fiye da 200,000, har ya tilasta wa wasu asibitocin Ingila soke ganin marasa lafiya. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar da cutar ta bi tun watan Maris na wannan shekara, wata biyu kafin aukuwar abin. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu sun tsira, waɗanda suka yi sakaci suka ɗanɗana kuɗarsu.

KAZA A KAN DAMI

Masu iya magana sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Mutane da yawa na yawon neman antibairos a shaguna, ba su san cewa kwamfutarsu ta zo da nata ba. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, kamfanin Microsoft ya riƙa haɗa cikakkiyar manhajar rigakafi a cikin Windows, wadda a yau ake kira Microsoft Defender. Tana cikin Windows 10 da Windows 11, ba a biyan ko kwabo dominta, ba ta da wa'adin da ke ƙarewa, kuma tana yin aiki biyu a haɗe, na kama cuta da na kama ɗan leƙen asiri. A can baya sai mutum ya nemi manhaja guda don wannan, guda don wancan. Yanzu duk wata manhajar rigakafi ta ƙwarai ta haɗa su duka.

Gaskiya ne a farkon zuwanta an raina ta, kuma rainin yana da dalili, domin a gwaje-gwajen wancan lokaci takan zo a baya. Amma tun wajen 2019 ta sha samun maki na sahun gaba a wurin masu gwaji masu zaman kansu. Mai son ya ga halin da tasa ke ciki sai ya buɗe sashen da ake kira Windows Security. Idan ya ga alamomi kore, mai gadi na farke. Idan ya ga ja ko rawaya, ko ya tarar sashen ba ya buɗuwa sam, to akwai magana.

INDA GIZO KE SAƘAR

Me ke sa mai gadin nan barci? Abubuwa uku ne, kuma dukansu sanannu ne a kasuwar kwamfuta ta Jimeta, kamar yadda suke a Kano da Kaduna da sauran birane.

Na farko shi ne manhajar sata. Galibin kwamfutocin gida na hannu ne, irin waɗanda ake kira tokumbo, kuma kafin a miƙa wa mai saye akan loda masu Windows da Office da sauran manhajojin da ba a biya lasisinsu ba. Domin su yi aiki sai an yi amfani da wata 'yar manhaja mai fasa makulli, ita kuwa Defender da ta gan ta sai ta cafke. Saboda haka abin da mai lodawa kan fara yi shi ne ya kashe Defender, wani lokaci ma ya cire mata jijiya yadda ba za ta sake tashi ba. Mai kaya ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi gida yana murna an cika masa ita da kaya kyauta, bai san an sallami mai gadi an bar ƙofa a buɗe ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Wani mai garkuwa da bayanai da ake kira Djvu, wanda ya addabi kwamfutocin gidaje a duniya tun 2018, ta cikin irin waɗannan manhajoji na sata ya fi shiga. An san shi da neman dala 980, ko dala 490 ga wanda ya biya cikin sa'o'i 72, kuma sau da yawa yakan shigo tare da ɗan leƙen asiri mai kwashe kalmomin sirri.

Na biyu shi ne tsohon Windows. Kamfanin Microsoft ya daina gyara Windows XP a watan Afrilu na 2014, ya daina gyara Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020, sa'an nan wa'adin Windows 10 ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025, ko da yake an buɗe wani shiri na ƙarin shekara guda, zuwa Oktoba na 2026, ga masu kwamfutar gida da suka yi rajista. Ma'anar daina gyara ita ce, duk ɓarakar da aka gano bayan ranar, haka za ta zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu mai gadin da zai iya tsare gidan da katangarsa ke zubewa kullum ba a ɗorawa. Har yanzu akwai kwamfutoci masu Windows 7 a shaguna da gidaje. Irin waɗannan sun isa a buga wasiƙa da su, amma bai dace a shiga asusun banki ko imel da su ba, ko wace antibairos aka sa masu.

Na uku shi ne tsimin data. Tsadar data ba ƙarya ba ce, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan farashin kira da data a watan Janairu na 2025. Wannan ya sa mutane da yawa ke roƙon mai gyara ya kashe masu sabuntawa baki ɗaya. Amma manhajar rigakafi tana gane cuta ne ta wani jerin alamomi da kamfaninta ke aiko mata, kuma kullum ana ƙirƙiro sababbin cututtuka. Wadda ta shekara ba a sabunta ta ba kamar mai gadi ne da ke riƙe da hotunan ɓarayin bara, na bana su wuce ta gabansa yana gaishe su. Jerin alamomin nan na yau da kullum ba shi da nauyi in an kwatanta shi da kallon bidiyo na 'yan mintoci. Wanda bai iya barin kwamfutarsa a haɗe da intanet ba, ya ware mata ko da rana guda a mako, ya haɗa ta da wayarsa ta sabunta.

MA'AUNIN ZAƁE

Wanda ya ga yana bukatar wata manhaja dabam da Defender, akwai ma'aunin da zai bi, kada ya dogara da kyan kwali ko daɗin bakin mai sayarwa.

Da farko ya duba abin da masu gwaji suka ce. Akwai cibiyoyi biyu da suka shahara a wannan aiki, watau AV-TEST da ke Magdeburg a ƙasar Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a ƙasar Ostiriya. Suna tara dubban cututtuka su sakar wa kowace manhaja, su buga sakamakon a shafukansu na intanet, kowa na iya karantawa kyauta. Cibiyar AV-TEST na ba da maki 6 a kan ƙarfin kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 kuma a kan rashin kama mai gaskiya da sunan ɓarawo, jimla 18. Manhajar da ba ta taɓa shiga irin wannan gwaji ba, sai a yi hattara da ita.

Na biyu, ya dubi yanayin aikinsa. A nan akwai wani abu da ya shafi mutanen Adamawa ƙwarai. Manhajojin zamani da yawa sukan tuntuɓi kamfaninsu ta intanet nan take idan sun ga fayil ɗin da ba su sani ba. Gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa ƙarfin Defender na raguwa sosai idan kwamfuta ba ta haɗe da intanet, alhali wasu manhajojin sun fi ta riƙe ƙarfinsu a wannan hali. Saboda haka mai shagon buga takardu, wanda kwamfutarsa ke wuni ba intanet tana karɓar filash iri iri, bukatarsa ta bambanta da ta ma'aikacin da kwamfutarsa ke haɗe kullum. Shi ya kamata ya duba wannan sashe na sakamakon gwajin musamman.

Na uku, ya dubi ƙarfin na'urarsa. Tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙwaƙwalwa, idan aka ɗora mata manhaja mai nauyi, sai ta koma tafiyar hawainiya, mai ita ya gaji ya kashe rigakafin, a koma gidan jiya.

Na huɗu, ya tabbata lasisin na gaskiya ne, kuma ya san ranar ƙarewarsa. Yawancin na kuɗi na shekara guda ne, kuma akwai kwamfutocin da ke zuwa da na gwaji mai kwana 30. Antibairos ta sata kuwa ita ce mafi munin ciniki, domin manhajar rigakafi tana da iznin shiga kowane lungu na kwamfuta, wanda ya karɓo ta daga hannun da bai sani ba ya ba kura ajiyar nama.

Na biyar, guda ɗaya ta isa. Akan tarar da kwamfuta ɗauke da antibairos uku ko huɗu, mai ita na zaton ya ninka tsaro. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan biyu suna sintiri lokaci guda sai su riƙa karo da juna, kwamfuta ta yi nauyi, tsaro ya ragu. Shi ya sa Defender kan janye da kanta idan aka sa wata. Abin da ba laifi shi ne a ajiye mai bincike na ko-ta-kwana, wanda ba ya aiki sai an kira shi, irin Malwarebytes ta kyauta, a riƙa sa ta ta zagaya jefi jefi.

TA KYAUTA DA TA KUƊI

Sunayen da suka fi yawo a kasuwa sun haɗa da Bitdefender ta ƙasar Romaniya, da ESET ta Sulobakiya, da Kaspersky ta Rasha, da Norton da McAfee na Amurka, da kuma Avast da AVG waɗanda asalinsu na ƙasar Cek ne. Dukansu suna shiga gwaje-gwajen da aka ambata, kuma tazarar da ke tsakaninsu wajen kama cuta ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Abin da kuɗi kan ƙara wa mutum galibi shi ne wasu hidimomi na gefe, kamar sa ido a kan shafukan da yara ke shiga, da ma'ajiyar kalmomin sirri, da lasisi guda da zai rufe na'urori da yawa.

Amma akwai abin da ya wuce kama cuta, watau amana. A watan Fabrairu na 2024 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta ba da sanarwar cewa kamfanin Avast zai biya dala miliyan 16 da rabi, bisa zargin ya riƙa tattara bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke shiga, yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda ya rufe a farkon 2020. Watau wanda aka ɗauka ya kori ɗan leƙen asiri, shi ne aka zarga da leƙe. Haka kuma a watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da Kaspersky a ƙasarta bisa dalilan tsaro, zargin da kamfanin ya musanta. Wannan hukunci na Amurka ne, amma ya isa ya nuna cewa zaɓen antibairos zaɓe ne na wanda mutum zai damƙa wa asirinsa.

Sai kuma Smadav, 'yar ƙaramar manhajar nan ta ƙasar Indonesiya, wadda da wuya a shiga shagon buga takardu ba a gan ta ba. Tana da amfani wajen tsabtace filash da fito da fayilolin da cuta ta ɓoye. Sai dai masu ita da kansu sun bayyana ta a matsayin ƙarin kariya, ba babban mai gadi ba. Kuskure ne a kashe Defender a bar ta ita kaɗai.

ƁARAWO DA KAYAN GADI

Wani tarkon da ya kamata a ja kunnen yara da iyaye a kansa shi ne jabun gargaɗi. Mutum na cikin karatu a intanet sai wani jan allo ya faɗo, da ƙara da walƙiya, yana cewa an gano cututtuka kaza a kwamfutarka, danna nan a wanke. Babu wani shafin intanet da ke iya binciken cikin kwamfuta haka nan daga nesa. Wanda ya danna, shi ne ya buɗe wa cutar ƙofa da hannunsa, ko kuma a nemi lambar katinsa na banki da sunan sayen magani. Abin yi shi ne a rufe shafin, kada a danna komai a cikinsa, kada kuma a kira lambar wayar da ya nuna. Manhajar rigakafi daga shafin kamfaninta kaɗai ake sauke ta, ba daga saƙon WhatsApp ko filash ɗin aboki ba.

KOWA DA GWARGWADONSA

Idan aka tattara bayanan nan, shawarar a taƙaice take. Magidancin da ke da Windows 11 na gaskiya, wanda kwamfutarsa ke hawa intanet a kai a kai, Defender ta ishe shi, ya dai tabbata a kunne take kuma tana sabuntawa. Kuɗin da zai kashe a kan wata antibairos, gara ya sayi ma'ajiyar waje da su.

Mai shagon buga takardu, ko malamin makarantar da ɗalibai ke kawo masa filash, ya dace ya biya kuɗin manhaja guda mai ƙarfin aiki ko babu intanet, ya riƙa sabunta ta, ya binciki kowane filash kafin ya buɗe. In da hali ya raba na'urar karɓar filash da wadda yake shiga banki da ita. Ɗalibi kuwa, maimakon ya kai filash shago ya dawo da shi gida, zai fi masa ya aika da takardar ta imel ko ta waya a buga masa.

Wanda kwamfutarsa ke ɗauke da tsohon Windows ko na sata, maganarsa ba ta antibairos ba ce tukuna, sai ya fara gyara katanga. Idan kuma zai kai ta wurin mai gyara, ya faɗa masa tun farko cewa kada a kashe rigakafi, kada a kashe sabuntawa, kada a loda abin da bai nema ba, sa'an nan ya duba alamomin nan kore da idonsa kafin ya biya. Masu gyara na ƙwarai suna da yawa, kuma sukan yi abin da mai kaya ya nema ne. Idan jama'a suka daina neman a cika masu na'ura da kayan banza, su ma za su daina.

ABIN DA YA FI KOWANE MAI GADI

Daga ƙarshe, babu manhajar da ke kama kowace cuta, kuma babu wadda ke hana wutar lantarki ƙona na'ura, ko zafi ya kashe rumbun ajiyarta, ko ɓarawo ya haura da dare ya ɗauke ta. Abu guda ne ke maganin waɗannan duka, watau ajiye kwafi. Duk takardar da mutum zai yi kuka in ta ɓata, ya kasance tana wuri uku: a cikin kwamfuta, da cikin wata ma'ajiya ta waje, da kuma cikin imel ko wata ma'ajiyar intanet. Ita ma'ajiyar waje a riƙa zare ta bayan an gama kwafi, domin mai garkuwa da bayanai yakan kulle duk abin da ya tarar a jone.

Wanda kuma ƙaddara ta riga ta faɗa masa, kada ya yi gaggawar biyan fansa, domin babu tabbacin za a ba shi mabuɗi. Ya cire kwamfutar daga intanet, ya canja kalmominsa na sirri ta wata na'ura mai tsabta, ya sanar da bankinsa, sa'an nan ya duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Tarayyar Turai da na ƙasar Holan suka kafa tare da wasu kamfanoni a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu cututtukan kyauta.

Da ɗalibin nan na Bekaji ya aika wa kansa kundinsa ta imel duk ranar Juma'a, da abin da zai rasa bai wuce aikin mako guda ba. Aikin minti biyu ne, kuma ba ya cin ko sisi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan filin zai dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai rai. Allah ya tsare wa kowa dukiyarsa da asirinsa, amin.